Daga Murabus Zuwa Ritaya: Tarihin Barin Aiki a Birnin Kano

Bakano yana da kalmomi da dama na faɗin cewa mutum ya rabu da aikinsa, kowace da irin nauyinta. In an ce wane ya yi murabus, sarauta ce ya sauka daga kanta, kuma ana nuna kamar da yardarsa ya sauka. In an ce an tuɓe shi, babu batun yarda. In kuwa aka ce ya yi ritaya, an san ma'aikacin albashi ne wanda shekarunsa suka cika a takarda. Ta ukun nan ita ce auta. Baƙuwa ce daga Ingilishi, ita da ƙawayenta fansho da giratuti, kuma ba ta shiga bakin mutanen cikin ganuwa ba sai a ƙarni na ashirin. Abin lura shi ne babu ɗaya daga cikin kalmomin da ake jingina wa marini ko baduku ko malamin soro. Ba a cewa marini ya yi ritaya. Sai dai a ce ƙarfi ya ja baya, yara ne ke yi. Ta wannan giɓi na harshe maƙalar nan za ta shiga tarihin birnin, domin a ganina ya ɓoye wata tsohuwar fahimta: tun fil azal Kano ba ta auna barin aiki da abin da mutum ya bari, tana auna shi ne da inda ya nufa bayan ya bari. Fansho da ya zo daga baya ya yi alkawarin amsa tambayar abin da tsoho zai ci. Tambayar inda zai zauna da abin da zai zama a cikin jama'a kuwa bai taɓa ɗaukar nauyinta ba.

Tsohon labarin murabus da muke da shi yana cikin kundin tarihin sarakunan Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara daga Larabci ya buga a 1908. Sarki na goma sha huɗu a jerin, Umaru ɗan Kanajeji, wanda lissafin Palmer ya sa mulkinsa tsakanin 1410 da 1421, malami ne mai yawan ibada tun kafin ya hau gado. Yana da aboki, Abubakar, wanda bai ji daɗin hawansa ba, ya yi masa faɗa, ya bar masa garin ya tafi Borno, ya shafe shekara goma sha ɗaya. Da ya dawo ya iske Umaru yana nan bisa karaga, sai ya yi masa wa'azi a kan yaudarar duniya da azabar lahira. Umaru ya tara Kanawa, ya kwatanta sarauta da tarko, ya sanar da su ya wanke hannunsa, ya bi abokinsa, ya ƙare rayuwarsa cikin nadama da istigfari. Daga nan ya sami laƙabin Ɗan Tarko. Bayan kimanin shekara ɗari da hamsin aka sake ganin makamancin haka. An tuɓe Sarki Yakufu a 1565 bayan 'yan watanni kaɗan, aka yi kwana arba'in ana yaƙin basasa a cikin gari, da Galadima ya yi nasara ya nemi mai da shi kan gado sai Yakufu ya ƙi, ya zaɓi ya koma cikin malamai ya ci gaba da karatu.

Masana da yawa na ganin a ƙarshen ƙarni na sha tara aka tattara kundin a rubuce, kuma hannun da ya rubuta shi hannun mai son malamai ne. Don haka mai karatu yana da damar ya yi shakkar ko abin ya faru daidai yadda aka tsara shi. Sai dai ko da an yi wa labarin kwalliya, kwalliyar kanta shaida ce. Ta nuna irin saukar da Kano ta zaɓa ta tuna da girmamawa: wadda mai ita ya fita daga fada ya shiga makaranta. Ba a yabi Umaru don ya huta ba. An yabe shi don ya sauya wahala da wata wahalar da aka fi ganin darajarta.

Irin su Umaru ba su da yawa. Al'adar da ta fi ƙarfi ita ce sarauta sai mutuwa. Sarki Usman, wanda ya hau a 1919, ya hau ne da tsufa har ake kiran sa Ɗan Tsoho, kuma yana kan gado ya rasu a 1926. Abdullahi Bayero ya yi shekara ashirin da bakwai, a ƙarshen zamaninsa ɗansa Ciroma Muhammadu Sanusi ne ke ɗauke da yawancin nauyin mulki, amma rawanin bai bar kan uban ba sai da ya cika a 1953. Ado Bayero ya yi shekara hamsin da ɗaya, daga 1963 zuwa 6 ga Yuni 2014. Maganin tsufa a wannan tsari shi ne wakilci: hakimin da ƙafa ta gaza yana da wakili, mai unguwar da ido ya dushe yana da ɗa ko ƙane mai zuwa fada a madadinsa. Aikin yana sauka, girman yana nan.

Shi ya sa murabus ɗin Sarki Muhammadu Sanusi na ɗaya a 1963 ya girgiza birni. Gwamnatin Jihar Arewa ta sa D. J. M. Muffett ya binciki kuɗin En'en Kano, abin da ya biyo baya aka kira shi murabus a hukumance, amma babu Bakanon da bai san cewa tilas ce aka naɗe da rawanin ladabi ba. Aka kai shi Azare. Wanda ya yi tsammanin labarinsa ya ƙare ke nan bai san Kano ba, domin Sanusi malami ne kuma jigo a ɗariƙar Tijjaniyya, har Shehu Ibrahim Inyass na Kaulaha ya naɗa shi halifansa. Shekarun da ya yi a Azare, da waɗanda ya yi a Wudil bayan an sassauta masa, har rasuwarsa a 1991, sun fi na sarautarsa yawa nesa ba kusa ba, kuma ƙofarsa ba ta rabu da almajirai da masu ziyara ba. Hukuma ta iya karɓe gadon, ba ta da hanyar karɓe buzun. Abin da ya tserar da shi daga zama abin tausayi shi ne abin da ya tserar da Yakufu shekara ɗari huɗu kafin shi.

Wannan duk zancen masu mulki ne, su kuwa 'yan tsiraru ne. Yawancin mazauna cikin ganuwa masu sana'a ne da 'yan kasuwa, kuma a wurinsu ne za a ga yadda tsufa yake da matakala.

Lokacin da Heinrich Barth ya shigo Kano a 1851 ya kiyasta mazaunanta na dindindin da kimanin mutum 30,000, abin da ya fi ba shi mamaki kuwa shi ne saƙa da rini, da yadda tufafin Kano ke kaiwa har Tambutu da Tarabulus. A ɗauki marina irin ta Ƙofar Mata, wadda ake danganta kafuwarta da 1498, zamanin Muhammadu Rumfa. Yaro yana farawa da ɗebo ruwa da ɗauko toka. In ya tasa ya kama muciya yana motsa baba a karofi, aikin da ke cin ƙirji da kafaɗa. Magidanci shi ke tsoma zane ya ɗaga, ya tsoma ya ɗaga, tun safe har rana ta karkata. To in baya ya fara ciwo fa? A nan ne hikimar tsarin take. Haɗin baba da toka da katsi ba ya da ma'auni a rubuce. Sanin ko karofi ya nuna ko bai nuna ba yana ga kalar kumfa da wari, wani lokaci har da ɗanɗano a harshe, kuma wannan sani sai wanda ya ga karofi ɗaruruwa sun yi kyau, wasu sun lalace. Saboda haka dattijo yakan tashi daga bakin rami ya koma inuwa, yana duba haɗi, yana karɓar kayan mutane, yana yanke farashi, yana raba gardama tsakanin marina da mabuga. Rabonsa na kuɗi yana nan, domin ramin nasa ne ko na gidansu. Haka abin yake ga majema da dukawa, da maƙera, da masu aikin allura na Soron Ɗinki: in hannu ya fara rawa ido ya gaji aikin, in ido ya dushe baki ya gada. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji Hausawa, kuma a waɗannan sana'o'i maganar ciniki ce kafin ta zama karin magana.

Fatauci ma haka. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari da suka riƙe cinikin goro zuwa Gwanja suna kwashe watanni a hanya, tafiyar da ba ta tsoho ba ce. Falken da ya manyanta sai ya zauna gida ya zama maigida: ya ba yaransa jari, ya sauki baƙin fatake, ya ajiye musu kaya, ya tsaya musu a wurin bashi. Ƙafarsa ta daina tafiya, sunansa ya ci gaba. Alhassan Ɗantata, wanda ya fara da fataucin goro ya zama babban mai sayen gyaɗa bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, bai san wata rana ta ajiye aiki ba. Yana kan harkarsa ciwon ajali ya same shi a 1955, kuma abin da ya dame shi a ƙarshe shi ne kada dukiyar ta warwatse a hannun 'ya'yansa. Malaman soro kuwa ba a ma maganarsu. A Madabo da Salga da Sanka da Zangon Barebari, darajar malami da shekarunsa tare suke hawa. Shaihu Nasiru Kabara ya yi aikin hukuma, har ya shugabanci makarantar shari'a ta Shahuci, amma barin wannan kujera bai rage kome daga karatun da yake bayarwa a Gidan Ƙadiriyya ba har rasuwarsa a 1996.

Na mata ya fi ban sha'awa, kuma an fi mantawa da shi. Matar aure a birni tana cikin kulle, sana'arta daga ɗaki take yin ta, yara ne ƙafafunta, kamar yadda Enid Schildkrout ta nuna a bincikenta na unguwannin Kano a shekarun 1970. Amma da ta manyanta ta aurar da 'ya'ya, sai ƙofar da ta daɗe a rufe ta buɗe. Ita ce dillaliya mai shiga gida-gida da kayan ɗaki, ita ce ungozoma, ita ce uwar adashi, ita ake aikawa neman aure da bikon mai yaji, ita ke zuwa kasuwa da kanta. Ga namiji tsufa janyewa ne daga rana zuwa inuwa. Ga mace sau da yawa fita ce daga ɗaki zuwa gari.

Kada a ɗauka wannan tsari aljanna ne. Ya tsayu ne a kan abu uku: sana'ar gado, da 'ya'ya, da ilimi. Wanda ya rasa ukun ya shiga uku. Ɗan dako da ɗan ga-ruwa jarinsu ƙarfinsu ne, ranar da ya ƙare babu inuwar da za su koma su duba aikin wani. Bawan da aka 'yanta da furfura, da tsohuwar da ba ta haihu ba, da baƙon da ya zo cin rani ya tsufa a soron wani, makomarsu zakka da sadaka da bakin masallacin Juma'a. Kasancewar bara tana da tsari a birnin, har da sarautar Sarkin Makafi, yana nuna tausayin al'umma, yana kuma nuna yawan waɗanda matakalar ba ta ɗauka ba. Da ake cewa haihuwa mai rana, ranar da ake nufi ita ce ta gazawar iyaye.

Turawa sun ci Kano ranar 3 ga Fabrairu 1903, kuma cikin 'yan shekaru suka sauya tushen abincin masu mulki. Razdan Cargill, wanda Kanawa suka sa wa Mai Gunduma, ya yanka ƙasar gunduma-gunduma ya tura hakimai su bar birni su zauna a cikinsu. Wajen 1909 aka kafa Baitulmali, haraji ya daina bin hannu-hannu, sarki da hakimi da alƙali suka koma karɓar albashi a ƙarshen wata. A shekarar ce kuma Ɗan Hausa, wato Hanns Vischer, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa, inda aka fara horar da waɗanda za su riƙe alƙalamin sabon tsarin. Sai ga wani sabon irin mutum ya bayyana a cikin ganuwa: malamin haraji, malamin asibiti, malamin gona, akawu, ɗan doka, ma'aikacin ruwa da lantarki. Aikinsa ba gadon gidansu ba ne, ba zai bar wa ɗansa ba, kuma teburin da yake zama a kai na En'e ne.

Tare da albashi aka shigo da kalanda. Ingila ta riga ta tsara wa ma'aikatanta fansho da dokar 1859, wadda ta sa shekara sittin ta zama lokacin da ma'aikaci zai iya sauka da haƙƙinsa. Jamus ta Bismarck ta kawo fanshon tsufa a 1889, Ingila ta yi wa talakawanta nata a 1908, shekarar da Palmer ke buga labarin Ɗan Tarko. Waɗannan dokoki an yi su ne don al'ummar masana'antu, inda leburan da ya tsufa ba shi da gona ba shi da rami. A Nijeriya, dokar fansho ta 1951, wadda aka mai da farkon aikinta zuwa 1 ga Janairu 1946, ita ce ta kafa harsashin tsarin ga ma'aikatan gwamnati, daga baya ya gangaro har ya game sauran ma'aikatan hukuma. Tsofaffin sojojin da suka dawo daga yaƙin Bama, waɗanda ake kira mazan jiya, suna cikin na farko da talaka ya gani da idonsa sun rabu da aikin Bature da sauran ƙarfinsu, aka sallame su da kuɗi a hannu.

Rukunin farko na ma'aikatan birni ba su ji zafin ritaya sosai ba, dalilin kuwa a fili yake. Ƙafarsu ɗaya ce a ofis. Suna kwana a gidan gado, suna da gona a bayan ganuwa, sun sauke Alƙur'ani kafin su shiga boko, da yawansu suna ɗaukar karatun littattafai da asuba kafin su hau keke. A idon unguwa aikin Nasara rigar aro ce, in an tuɓe ta akwai ta gida a ƙasa. Har ma akan girmama wanda ya tuɓe ta da kansa. Malam Aminu Kano, haifaffen Sudawa, yana ɗan shekara talatin ya ajiye aikin koyarwa a kwalejin horon malamai ta Maru a 1950, ya bar albashi da tsammanin fansho ya rungumi gwagwarmayar NEPU. Talakawan Kano sun karanta wannan da tsohon ma'auninsu: mutum ya bar kujera don abin da ya fi kujera.

Abin ya sauya ne da ofis ya haɗiye mutum gaba ɗaya. Bayan ƙirƙirar Jihar Kano a 1967, da karɓe 'yan doka da kotuna da gidajen yari daga hannun En'e, da gyaran ƙananan hukumomi na 1976, ma'aikata suka yawaita, kuɗin mai ya shigo, ƙarin albashin Udoji na 1974 ya sa aikin gwamnati ya fi sana'ar gado kwarjini. Ɗan marini ya zama akanta, ɗan baduku ya zama darakta, ya tashi daga lungu ya koma kwatas. Ana cikin wannan ne wani ɗan birni, Janar Murtala Muhammed na Kurawa, ya karɓi mulki ranar 29 ga Yuli 1975, ya yi wa aikin gwamnati tankaɗe da rairaya. Fiye da ma'aikata 10,000 aka sallama a faɗin ƙasa, wasu don almundahana, wasu don tsufa ko rashin lafiya ko rashin kataɓus, kuma da yawa a rediyo suka ji sunansu. Jama'a sun yi murna, kuma akwai dalilin murna. Amma daga wannan shekara kalmar ritaya ta sami wari na biyu, ta zama wani abu da ake yi wa mutum. Masu nazarin aikin gwamnati da dama sun daɗe suna cewa tsoron da aka shuka a lokacin shi ya koya wa ma'aikaci ya tara wa gobensa tun yana kan kujera, ta halal ko ta haram, kuma ina ganin akwai ƙamshin gaskiya a maganar. Audu Bako, gwamnan Kano na farko, wanda juyin mulkin ya yi gaba da kujerarsa, ya koma noma har rasuwarsa a 1980. Ba kowa ne ke da gonar komawa ba.

Sauran labarin na dokoki ne da karyewar alkawari. Doka ta 102 ta 1979 ta tattara tsarin fansho wuri ɗaya, gwamnati ce ke biya daga kasafinta. Aka sake rage ma'aikata a 1984. Tsarin gyaran tattalin arziki na 1986 ya karya darajar naira, fanshon da aka lissafa da tsohon albashi ya koma kuɗin cefanen kwana kaɗan. Masaƙu da masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa suka yi ta rufewa, ma'aikatansu suka tsinci kansu a ritayar da babu takarda babu sallama. A 2004 gwamnatin tarayya ta kawo tsarin karo-karo, wanda gyaran 2014 ya sa ma'aikaci ya zuba kashi 8 cikin ɗari, mai ɗaukar aiki kashi 10. Jihar Kano ta yi tata dokar a 2006, ta kafa hukumar amintattun asusun fansho. Duk da haka, gwamnatin da ta hau a 2023 ta bayyana cewa ta gaji bashin giratuti da haƙƙin mamata na kimanin naira biliyan 48, ta shiga biya kashi-kashi. A bayan wannan adadi akwai dattawan da suka yi ta zaryar tantancewa da fayil a hammata, wasu magadansu ne suka karɓa.

Ba abin mamaki ba ne, ke nan, da ma'aikaci ya ɗauki cikar shekara 60 da haihuwa ko 35 da kama aiki tamkar ranar hisabi. Daga nan ne rage shekaru a takardar rantsuwa ya samo kasuwa, har ta kai ƙane yakan girmi wansa a fayil. Daga nan ne kuma ƙungiyoyi suka yi ta neman a ɗaga wa'adin: farfesoshi suka sami 70 a 2012, malaman makaranta suka sami 65 da haihuwa ko 40 da aiki a 2022. Mu da muka gama jami'a muke yawo da takardu muna kallon wannan da ido biyu. Kowace shekarar da dattijo ya ƙara a kujera shekara ce da aka ƙara mana a layi. Amma wanda ya ga abin da ke jiran dattijon a waje ba zai iya ce masa tashi da baki mai ƙarfi ba.

To me waɗanda suka sauka suke yi da ranakunsu? A cikin birni amsar tana bin tsohuwar hanya fiye da yadda ake zato. Wanda bai yanke da unguwa ba, unguwa takan ba shi aiki tun kafin giratutinsa ya fito: kwamitin masallaci, riƙon asusun makarantar Islamiyya, rabon gado, sulhun ma'aurata, rakiyar mara lafiya asibiti saboda ya san wane da wane. Tsohon alƙali da tsohon hedimasta ba sa rasa masu sallama a soro. Da yawa sukan koma gaban malami da littafin da suka ajiye shekara talatin da suka wuce, su durƙusa kusa da sa'o'in jikokinsu ba tare da jin kunya ba, domin wannan ne irin tsufan da garin ya san yadda zai girmama. Tsofaffin malaman makaranta mata da ma'aikatan jinya sun cika azuzuwan matan aure da ƙungiyoyi irin su FOMWAN, wadda aka kafa a 1985. Sun gaji 'yancin tsohuwar dillaliya, sun haɗa da boko. Alhaji Yusuf Maitama Sule, Ɗan Masanin Kano, shi ne misalin da ya fi fitowa fili. Rabonsa da kujerar gwamnati tun 1983, idonsa ya tafi, amma ya shafe fiye da shekara talatin yana karɓar baƙi yana jawabi a taruka, har rasuwarsa a Yulin 2017, kuma matasan da suka haddace maganganunsa ba su taɓa ganin sa a ofis ba.

Inda aka fi faɗuwa shi ne kasuwa. Mutum ya yi shekara talatin da biyar yana sa hannu a takarda, ya karɓi kuɗin sallama a dunƙule, ya ce zai kama shago a Kantin Kwari ko Singa, ko ya sayi mota ya ba direba, ko ya gina gidan kaji. Yana shiga ya tarar da waɗanda aka yaye su a rumfa, masu gane mai cin bashi tun daga sallamarsa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wani kuma ya sauke farali, ya aurar da 'ya'ya mata biyu, in da saura ya ƙara aure, shekara ba ta zagayo ba sai dakali da rediyo. Majalisar ƙofar gida ba abin raini ba ce, tana hana kaɗaici, kuma a nan ake jin wa ya kwana lafiya wa bai kwana ba. Sai dai akwai bambanci tsakanin dattijon da ake zuwa wurinsa da wanda ke fitowa don kada ɗaki ya cinye shi, kuma unguwa ta san bambancin ko ba ta faɗa ba.

Waɗanda za su sauka a 'yan shekarun nan sun bambanta da duk na baya. An haife su a Yakasai ko Mandawari ko Ɗandago, amma gidan gado ya yi musu kaɗan, sun yi gini a Rijiyar Zaki da Sabuwar Gandu da Ɗanbare, gidaje masu get da katanga, babu soro. Maƙwabcinsu bai san mahaifinsu ba. 'Ya'yan da aka kashe albashi a kan karatunsu da yawa suna gida da digiri, don haka tallafin da a da yake hawa daga ɗa zuwa uba yanzu gangarowa yake yi, fanshon mutum ɗaya yana ciyar da baki goma. A ɗaya ɓangaren, mafi yawan Kanawa har gobe ba su da fansho ko na anini, domin ba su taɓa karɓar albashi ba. Hukumar fansho ta ƙasa ta ƙaddamar da ƙaramin tsari don masu sana'ar hannu da 'yan kasuwa a 2019, amma ɗan Kurmi ya fi yarda da adashi da fili da ɗan da ya zaunar a rumfa. Shi ma ɗan ba lallai ya zauna ba. A Ƙofar Mata ramuka da yawa sun bushe, wasu shara ta cike su, tun da atamfar waje da rinin kanti suka karya kasuwar baba. Dattawan da suka rage suna nan a inuwa, sun san kalar kumfar karofin da ya nuna, amma samarin da za su riƙe muciya a duba musu haɗi sun yi ƙaranci, da yawansu suna kan titi da a-daidaita-sahu.